Fatun Zomo a Tsibirin Tolliver

Ranar Litinin da hantsi Almu ya tono abin da ya hana shi sa komai a baki yinin nan. Yana zagayen da ya saba a Tolliver, ɗan tsibirin da ke cikin kogin Potomac kudu da Washington, sai ya ga wani wuri a gindin bishiya inda ƙasa ta fi ta kewaye duhu. An tona an mayar, an kuma daddanna da tafin hannu. Ya sa itace ya buɗe. Fatun zomo huɗu ne da kawunansu da kayan cikinsu. Naman babu.

Ya farke tumbin ɗaya. Kore shar, irin koren da ciyawa ba ta yi.

Tun farkon bazara aka rufe tsibirin. Ɓeraye ne suka addabi tsuntsayen da ke sheƙa a wurin, ba su barin ƙwai ba su barin 'ya'ya, sai aka ba wani kamfani aikin kawar da su. Aka watsa maganin ɓera mai launin kore a kowane lungu. Maganin ba ya kisa nan take. Jini yake tsinkawa, dabba ta yi kwanaki tana jan jiki, jininta na zuba a ciki har ta mutu. An san zomaye ma za su ci. Shi ya sa aka kewaye gaɓar da igiya, aka kafa allunan gargaɗi da Turanci da Sifaniyanci, aka kuma ɗauki Almu ya riƙa tsince gawarwaki kafin wani abu ya ci su. Shi ɗan Dakoro ne ta ƙasar Nijar. A bayan raƙuman da aka sace ya koyi bin sawu wajen mahaifinsa, ya zo nan ya ƙara da karatun dabbobin daji.

Ya kira Pauline, shugabar aikin. Ta iso tana haki, ta duba ramin, ta dafe kai.

"Wani ya ɗauki naman nan zai ci," in ji ta.

"Ko ya riga ya fara."

Almu ya bi sawun baya. Mutum ɗaya ne, marar nauyi, da takalmin guje-guje irin wanda rabin mutanen Maryland ke sawa, sai dai diddigen na jan ƙasa kamar takalmin ya yi masa yawa. Daga gaɓar da ke kallon wurin shaƙatawa ya shigo, inda ake iya tsallakowa da ƙafa idan ruwa ya janye. Bai yanke igiyar ba, ɗagawa ya yi ya sunkuya. Ya yanki reshe ya gyara shi, ya jefi zomayen ɗaya bayan ɗaya. Kusa da bishiyar akwai gurbin gwiwa ɗaya a ƙasa, a gabansa kuma wani ƙaramin rami da aka rufe daban, sak wajen da rana ke fitowa. Almu ya tona, ya tarar da busasshen jini.

"Wa zai tona rami don jinin zomo?" Pauline ta tambaya.

Almu ya ɗaga ido ya dubi ƙetaren ruwa. Ranar Asabar ƙungiyar Hausawan Silver Spring ta yi taron shan iska na shekara a wancan wurin shaƙatawar, ga shi can ana hangowa. Shi da kansa ya tura gargaɗi a guruf ɗin WhatsApp na ƙungiyar kafin ranar, aka yi ta sa masa hoton babban yatsa.

"Mutanena," ya ce, kuma kalmar ta yi masa ɗaci. "Yanka ne aka yi, irin namu."

Ta ce za ta sanar da asibitoci yanzu-yanzu, ta kira 'yan sanda. Ya roƙe ta ta sanar da asibitocin, ta ɗan ɗaga masa ƙafa kan 'yan sandan. Ya san halin mutanensa. In suka ga kaki a bakin ƙofa, kowa zai kama bakinsa, mai takardar zama a ƙasar da marar ita. Kuma mai naman ba zai zubar ba, don ba mu iya zubar da nama ba. Zai ba maƙwabci ne, ya ce a sa albarka.

Pauline ta dubi agogonta. "Zuwa faɗuwar rana," ta ce. "Daga nan ba ya hannuna."

*

Alhaji Fatihu, shugaban ƙungiyar, tsohon ma'aikacin rediyo ne, mutum mai son a ji muryarsa ko da a sanarwar ɓatan akuya. Amma da Almu ya gama yi masa bayani a waya, sai muryar ta dushe. Ya tura saƙo a guruf cewa duk wanda ya samu naman zomo tun Asabar kada ya ci, kuma duk wanda ya je taron ya zo zauren ƙungiya da yamma bayan an tashi aiki.

Babu wanda ya ce yana da nama. Masu bincike kuwa sun yi yawa. Kafin Almu ya fito da motarsa kan babban titi, wayarsa ta cika da saƙonni. Wani ya ce 'yan Ghana ne, su ke son naman daji. Wata ta ce ai mutanen Nijar ne maharba, ta manta wanda take gaya wa. Sunaye biyu ne suka fi yawo a bakin mutane, Loveth da Ubale.

*

Loveth tana da shagon kayan abinci a Wheaton. Haihuwar Jos ce, Hausa a bakinta ta fi ta wasu 'yan Kano, kuma an daɗe ana raɗe-raɗin tana sayar da banda a bayan kanta ga wanda ta yarda da shi. Ranar Asabar ita ta kai lemo da cincin wajen taron.

Bai gama gaisuwa ba ta tare shi.

"Na gani a waya, Malam Almu. Kowa ya ci cincin ɗina ya sha lemona, yau kuma ni ce mai guba. Zo ka duba."

Ta buɗe firiza ɗaya bayan ɗaya, tana buga murfin da ƙarfi. Kifi, ganda, ƙafar saniya, kaji. Ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta ta zazzage a gabansa, busasshen kifi ne da naman akuya.

"Madam, ban ce ke kika yi ba," in ji shi. "Wanda ya yi musulmi ne. Abin da nike tambaya, ko wani ya kawo miki na sayarwa?"

"Babu wanda ya kawo. Da ya kawo da na gaya maka, ina da 'ya'ya ni ma." Ta mayar da kifin cikin kwali. "Ka tambayi Ubale. Da za mu tashi na ga wandonsa jiƙe har cinya, kuma shi kaɗai ya zo da kula babba."

Har ya kai ƙofa ta kira shi. Ta tambaya ko maganin yana fita in an dafa sosai. Ya ce mata ba ya fita.

*

Ya samu Ubale a garejinsa a Beltsville, rabinsa a ƙarƙashin wata tsohuwar mota. Makanike ne mai son kamun kifi fiye da sana'arsa, an taɓa cin tararsa kan kamu ba lasisi, kuma tun daga ranar duk abin da ya faru a bakin ruwa shi ake fara tunawa.

Ya fito yana goge hannu, ya nufo Almu. Kafin ya iso Almu ya riga ya sallame shi a ransa. Ubale ƙato ne, yana tafiya ƙafafu a warwaje, kowane taku sai ƙasa ta sani. Wannan ba zai bar sawun da ke tsibirin ba ko da ya yi azumin shekara.

"Wandona ya jiƙe, ƙwarai," in ji Ubale, ransa a ɓace. "Fatsata ce ta maƙale na shiga na ciro. Kular kuwa ga ta can, je ka shinshina, in ka ji wani abu ban da ƙarnin kifi ka kira mini 'yan sanda da kanka."

"Wa ka gani ya nufi wajen tsibirin?"

"Wa zan gani? Mutum ya fi ɗari, yara na gudu ko'ina, ana ƙwallo, ana gashi. Ni da aka haɗa ni da aikin direba ma. Nazir ya ce in ɗauko masa babansa ya sha iska, shi ba zai iya barin gida ba. Na ɗauko tsoho, na ajiye shi a inuwa, da yamma na mayar da shi. Ina na ga lokacin farautar zomo?"

Almu ya ba shi haƙuri ya koma mota. Ya zauna riƙe da sitiyari bai tayar ba. Rana ta karkata. A wani gida cikin gidajen nan, wata tukunya na iya kasancewa a kan wuta a daidai wannan lokacin, shi kuma abin da ke hannunsa bai wuce gurbin gwiwa da diddigen takalmi ba. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba a daji.

*

Zauren ƙungiyar ɗaki ne a ƙasan wani dogon bene a Silver Spring, ba ya ɗaukar mutum hamsin sai an matsu. Yammacin nan ya cika har bakin ƙofa. Likitoci da kayan aikinsu, direbobi, malaman jami'a, mata da goyo. Loveth ta zo ta tsaya jikin bango ta harɗe hannu. Ubale ya zauna a gaba yana hararar kowa.

Almu ya yi bayani dalla-dalla. Ya faɗi abin da maganin ke yi wa jini. Ya ce ba kama kowa ya zo yi ba, naman kawai yake nema, ko a bakin ƙofar motarsa aka ajiye ba zai waiwaya ba.

Yana rufe baki wuri ya kaure. Wani injiniya ya ce a duba takalman kowa. Wata ta ce ita tun farko ba ta yarda a yi taron a bakin ruwa ba. Wani saurayi ya ce da Turanci wannan zubar da mutuncin al'umma ne, aka ce masa ya yi Hausa ko ya zauna. Ubale ya miƙe ya ce duk wanda ya ƙara ambaton wandonsa su haɗu a waje. Almu na tsaye yana bin ƙafafun mutane da ido, ɗaya bayan ɗaya, bai ga wadda ta dace ba.

Alhaji Fatihu ya buga tebur. "Jama'a, la'asar na neman kuɓuce mana. A je a yi salla, a dawo da hankali."

Da yake zauren ya yi kaɗan, a filin ciyawar da ke bayan benen suke salla lokacin zafi. Maza suka fito suna naɗe hannun riga. A kan wani benci ƙarƙashin bishiya akwai wani dattijo siriri da farin gemu, zaune shi kaɗai da buta. Almu bai san shi ba. Ya tambayi na kusa da shi.

"Baba Maitama ne, mahaifin Nazir mai kantin magani. Bai daɗe da zuwa daga gida ba, sunan jikansa ya zo."

"Mi ya sa bai shigo ba?"

Mutumin ya dube shi kamar ya yi saɓo. "Haba, Almu. Dattijo kamar wannan a zaunar da shi cikin waɗanda ake tuhuma? Nazir ya ce ya jira shi a inuwa."

Tsohon ya riga kowa alwala. Ya miƙe, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya juya mata baya, ya shimfiɗa dardumarsa. Sai ga Nazir ya taho da sauri, ya kama gefen dardumar ya karkata ta zuwa hagu.

"Baba, nan ne. A ƙasar nan arewa maso gabas ake kallo. Kullum sai na gyara maka."

Almu ya tsaya cak. Duk wanda ya kwana biyu a Amurka ya san haka, wayar kowa na nuna masa, har yaran da ba su jin Hausa. Da ɗaya daga cikin mutanen zauren nan ne ya durƙusa a tsibirin, da ramin jinin ya karkata hagu. Na tsibirin gabas sak yake kallo, yadda ake yi a gida. Ya kai ido gefen dardumar. Takalmin guje-guje ne sabo, an cusa takarda a bakinsa don ya kama ƙafa.

Bai jira an tayar da iƙama ba. Ya fita daga sahu, ya je ya durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, barka da yamma. Ya baƙunta?"

"Alhamdu lillahi, ɗana. Ɗan wa ke nan?"

"Almu ne, daga Dakoro. Baba, na ga wani aiki a tsibirin can na bakin ruwa, aikin gwani. An yi yanka, an rufe jini, an binne fata. Na ce wanga hannun maharbi ne."

Fuskar tsohon ta washe. Da gani tun da ya sauka ƙasar nan babu wanda ya yaba masa wani abu da ya yi da hannunsa.

"Ashe akwai mai ido a garin nan," ya ce yana dariya. "Ni ne. Na gaji da zama, na ga ruwa ya janye, na ce bari in taka. Kai, zomayen ƙasar nan ba su san maharbi ba! Kana zuwa suna kallonka, ko gudun kirki ba sa yi. Na ce haka dabbobinsu suke, ai na ga barewa tana kiwo a bakin titi ba mai kula ta."

Sahu ya watse, mutane sun kewaye su.

"Baba, ba ka ga alluna ba?" in ji Alhaji Fatihu a hankali.

"Na ga alluna da rubutun boko. Garin nan ina ne babu allo?"

Gargaɗin da aka yi ta turawa a waya aka tura shi, tsohon kuwa wayarsa ta kira ce kawai, kuma ba wanda ya tuna ya zaunar da shi ya gaya masa da baki.

"Ina naman yake, Baba?" Almu ya tambaya.

"Na mai jego ne. Na naɗe shi a leda na sa cikin jakata, na kai wa gwaggonta Furera da ke kula da ita, na ce ta riƙa yi mata farfesu da yaji. Mace ta haihu, ai sai da nama mai ƙarfi, ba kajin nan naku masu kama da auduga ba."

"Hansatu," in ji Nazir, kamar mai magana cikin barci. Hansatu matarsa ce, ba ta yi sati biyu da haihuwa ba. "Na ɗauka kaza ce. Yau da safe ta ce mini jinin ya ƙaru, na ce na biƙi ne, zai tsaya."

Wata likita daga cikin matan ta riga ta ciro waya tana kiran motar asibiti. Nazir ya ruga wajen motarsa ba takalmi. Tsohon ya bi fuskokin mutane da kallo, murmushin na gushewa a hankali.

"Me ya faru? Me na yi?"

Almu ne ya gaya masa, da Hausa, yana riƙe da hannunsa.

*

Hasken rana bai gama ɓacewa ba aka shiga da Hansatu ɗakin gaggawa, a galabaice amma tana magana. Gwaggo Furera ta zo da sauran farfesun a cikin tukunyarsa, ta miƙa wa ma'aikatan tana kuka. Almu ya gaya wa likitoci sunan maganin ɓeran, sannan ya kira Pauline ya ce naman ya samu, zomo ɗaya da rabi ya rage. Ta tambayi wanda ya yi. Ya ce gobe zai zo ofis su yi magana, kuma kafin a sake watsa ko ƙwaya ɗaya a wani tsibiri, sai an bi gida-gida an yi bayani da baki. Ta ce ta ji.

Suka zauna a dogon benci, shi da Baba Maitama. Carbi na hannun tsohon amma ba ya ja. Can sai Nazir ya fito, idanunsa jajur, ya tsuguna a gaban mahaifinsa.

"An sa mata jini, an fara ba ta maganin da ke karya gubar. Sun ce za ta tashi, in Allah ya yarda, amma za ta daɗe tana shan magani. Da an ƙara kwana ɗaya, sun ce da wata maganar ake. Jaririn ma sun duba shi, lafiyarsa ƙalau." Ya kama hannun tsohon. "Baba, likita ta ce duk wanda ya ci naman sai an gwada jininsa. Gwaggo ta ce ɗanɗanon gishiri kawai ta yi. Taso mu je a duba ka."

Tsohon ya girgiza kai.

"Baba, don Allah, ba lokacin gardama ba ne."

"Ba gardama nake ba." Ya ɗago, hawaye na bin gemunsa. "Ni ban zo muku da komai ba, Nazir. Kuɗina ba kuɗi ba ne a nan, tufafin da na kawo wa yaron kun ce sanyi zai kama shi a ciki. Wannan kaɗai na iya. Ta yi ta cewa, Baba zo ka ci, Baba ko yanka ɗaya. Na ce a'a 'yata, naki ne, ki cinye ki yi ƙarfi." Ya dubi tafin hannunsa. "Ko romon ban kurɓa ba. Duka na bar mata."